Kaset ɗin Shata da ke cikin akwati, na wa ne?

A Badagishiri da Ƙonni da Illela akwai dattawa masu ajiyar tsofaffin kaset-kaset na bidiyo, waɗanda aka ɗauki makaɗan Hausa suna wasa a gaban jama'a. Wani ko ka taya da kuɗin rago ba zai sayar ba, aro kuwa sai dai ka ji ana faɗi. Ban ga laifinsu ba. Muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, tana cikin kowace waya, amma hoton da za ka ga yadda yake juyowa wajen masu kalangu, da yadda ƴan amshi ke jiran ya sauke numfashi kafin su karɓa, wannan ba kowa ke da shi ba. Haka Musa Ɗanƙwairo, da ya riga shi a 1991. Narambaɗa kuwa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, yawancinmu da kunne kawai muka san shi.

Inda na saɓa da masu ajiya shi ne ɓoyon. Kaset ba zinariya ba ne. Zafin bazarar Adar da ƙurar hunturu suna cin zaren, ya manne ko ya tsinke, ga na'urar kallonsa ta yi wuya har a wajen masu gyara. Ran da mai akwati ya kwanta dama, magada gona da shanu za su raba. Kaset sai yara su zare shi su yi wasa.

Malamai, a nan namu aikin yake. Yaron da ke koyon karatu da Hausa a lakwal zai fi gane kirari da zambo da habaici idan ya ga fuskar mai yi da ta wanda ake yi wa. Tun 1986 aka sa wa gasar waƙa sunan Ɗan Gurmu a Tawa, amma ku tambayi ƴan ajinku wa ya taɓa ganin hotonsa.

Wasu iyaye za su ce kiɗa ba abin kai wa makaranta ba ne, kuma gaskiya akwai waƙoƙin da ba na yara ba. Sai malami ya zaɓa. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ƙungiyar iyayen yara ta je wa mai kaset da girmamawa, a juye shi a kwamfuta a gabansa, a rubuta sunansa a kan kwafin, a mayar masa da abinsa a ranar.