A Bar Yara Su Yi Tashe

Da, daren goma ga azumi ba ya wucewa shiru a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Ana idar da asham sai ka ji gwangwani ya ɗau kiɗa: yaro ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, yana dogara sanda kamar tsoho. 'Yan mata kuwa su shiga cikin gida, su kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa, uwar gida ta ba su gero ko 'yan canji.

Yanzu abin sai ɗaiɗai. A 'yan shekarun nan, har da azumin 2024, rundunar 'yan sandan Kano ta hana tashe, saboda 'yan daba na fakewa da shi su yi ƙwacen waya da sara-suka. Wannan dalili gaskiya ne, kuma duk mai ɗa ya san zullumin.

Sai dai hanin ya fi faɗawa kan ɗan shekara takwas da bai taɓa riƙe wuƙa ba. A tashe yake koyon tsayawa gaban manya ya yi magana, a nan ake yi wa marowaci da malalaci hannunka-mai-sanda cikin raha. Ɗan daba kuwa ko babu tashe zai fito.

Muna roƙon masu unguwanni da dagatan ƙaramar hukumar Tarauni su zauna da 'yan sanda tun watan Sha'aban. A yarje wa ƙananan yara su yi a layinsu, 'yan sintiri na tsaye, a tashi kafin ƙarfe goma.