A Daina Jifan Maƙwabta Da Ayar Da Ba A Karanta Ba

Jama'ar Sabo, akwai wani sabon yayi da ya shigo mana unguwa, kuma ya kamata a yi masa magana tun bai zama gyambo ba. Yaro zai kalli guntun bidiyon muƙabala na minti biyu a waya, ya haddace lambar aya guda, shi ke nan ya zama shehi. Sai ya tare makanikin da ke gyara masa babur a Mokola, ko ɗan'uwanmu Kirista mai jin Hausa da ya zo daga Filato ko Kudancin Kaduna, ya ce masa: "Ai littafinku ya ce Allahnku ne ke yin mugunta!" Haba! Wannan jahilci ne ya sa rawani.

Ayar da ake yawo da ita ita ce Ishaya 45:7. Gaskiya ne, tsohuwar fassarar Ingilishi ta 1611 ta sa kalmar da ke nufin mugunta a wurin. To amma da Ibrananci aka rubuta littafin Ishaya. Kalmar asali, "ra", tana ɗaukar ma'anar mugun aiki, tana kuma ɗaukar ma'anar bala'i da masifa, kamar yadda "sharri" take a bakinmu. A ayar an jera ta kishiyar "shalom", wato zaman lafiya da wadata. Surar kuma magana take a kan Sairus, sarkin Farisa, wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da malaman Kirista ke fahimta shi ne: ɗaukakar daula da faɗuwarta duk a hannun Allah ɗaya suke, babu wani ubangiji na biyu mai mulkin duhu. Shi ya sa yawancin sababbin fassarori suka sa bala'i.

Ba su kuma tsayawa a aya ɗaya. Suna haɗa ta da Yakubu 1:13, wadda ke kore cewa Allah na jarabtar mutum ya yi saɓo. Suna kawo Farawa 50:20, inda Yusufu ya nuna wa 'yan'uwansa cewa su sharri suka nufa, Allah kuwa ya juya shi alheri. A kan Fir'auna, littafin Fitowa ya ce a wasu wurare Allah ne ya taurare masa zuciya, a wasu kuma, kamar 8:15, ya ce shi ya taurare abarsa, sai su karanta biyun tare. Babban malaminsu Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da ya rasu a shekara ta 430, ya koyar da cewa mugunta tawayar alheri ce, kamar yadda duhu yake rashin haske. Har gobe suna saɓani a tsakaninsu kan iyakar zaɓin ɗan Adam, amma babu wata babbar ɗarikarsu da ke cewa Allah mai zunubi ne.

Yanzu ɗan samari, juyo gida. Me aka koya maka a Islamiyya? Cikin shika-shikan imani shida akwai yarda da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Kullum kana karanta Falaƙi kana neman tsari daga sharrin abin da Allah Ya halitta. A Suratun Nisa'i, aya ta 78 ta mayar da komai ga Allah, ta 79 kuma ta jingina mummunan abin da ya sami mutum ga kansa. Idan wani ya yanko ɗaya ya bar ɗaya ya zo yana maka dariya, me za ka ce? Za ka ce ya je ya karanta tafsiri. To don me kai ba ka ba wa wani wannan haƙƙin? Mas'alar nan ce Mu'utazilawa da Ash'arawa suka yi ƙarnuka suna kai-kawo a kanta, har aka zo da bayanin kasbu. Abin da ya sa manya gumi, kai ka gama shi a teburin mai shayi?

Na san za a ce: "To malam, mu bar da'awa ke nan?" Wa ya ce? Tsakaninmu da Kirista akwai saɓani na gaske, a kan matsayin Annabi Isa da a kan littafi, kuma ba wanda ya ce a ɓoye shi. Amma Suratul Ankabut aya ta 46 ta sa sharaɗi: jayayya da Ahlul Kitabi sai ta hanya mafi kyau. Ɗora wa mutum aƙidar da ba tasa ba ƙazafi ne, ko a kan wa aka yi shi. Kuma kashedin nan ya hau kan samarin coci masu yi wa Alƙur'ani irin wannan yankan ƙauna. Duk kanwar ja ce.

Mu tuna inda muke. Tun 1916 Sabo take zaune a tsakiyar Ibadan, kasuwancinmu na goro da shanu da canji duk a kan amana da masu gari ya ginu. Rikicin Shasha na Fabrairun 2021 ba na addini ba ne, amma daga cacar baki ya tashi, aka rasa rayuka, rumfuna suka ƙone. Baki shi ke yanka wuya. Wanda ya tsokano, da safe zai hau mota ya yi Arewa, mai shago da mai iyali su ne za su biya.

Don haka kira ga limamai da malaman Islamiyya da iyaye: ku tambayi yaranku abin da suke kallo a waya. Mai son muƙabala ya fara zama gaban malami ya gama babin ƙaddara. In yana son sanin abin da Kirista ya yarda da shi, Littafi Mai Tsarki na nan da Hausa tun 1932, ya karanta surar daga farko har ƙarshe, ya kuma tambayi masu abin cikin ladabi. In ba zai iya ba, ya kama bakinsa.

Allah Ya zaunar da Sabo lafiya, amin.