In Inji Ya Mutu, Ina Ƙaramin Jirgi Zai Sauka A Ikeja?

Ran 1 ga watan Agusta, 2023, wani ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya ya faɗo a kan titin Oba Akran da ke Ikeja, ya kama da wuta. Mutum biyun da ke ciki suna da sauran shan ruwa, an fid da su da rai. Ba a yi wannan sa'a ba ran 28 ga Agusta, 2020, sa'ad da jirgi mai saukar ungulu da ya taso daga Fatakwal ya faɗa tsakanin gidaje a Opebi, mutum ukun da ke ciki suka rasu.

Jirgi mai fukafukai ba ya rikitowa kamar dutse don injinsa ya mutu. Shawagi yake yi kamar shirwa, yana yin ƙasa a hankali. Daga tsawon ƙafa 1,000 yana iya cin mil ɗaya da rabi kafin ya taɓa ƙasa. Shi ya sa tun a makaranta, irin ta Zariya, ake koya wa matuƙi ya nemi fili ko gona ya sauka. A Katsina ko Sakkwato wannan ba wuya. A Ikeja fa? Gidajen Agege da Oshodi da Shasha da Mafoluku sun yi wa filin jirgin Murtala Muhammed zobe. Ba abin da ya rage sai titi, shi kuwa cike yake da motoci da 'yan talla da wayoyin lantarki.

Ashe ke nan maganar ta shafi har wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Ran 3 ga Yuni, 2012, injuna biyu na jirgin fasinjan kamfanin Dana suka mutu, ya faɗa Iju-Ishaga, maƙwabtan Agege. Mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da waɗansu da ke zaune a gidajensu. Cinkoson 'yan kallo kuma ya hana 'yan kwana-kwana aiki da sauri.

Ya kamata hukumar NCAA ta tsananta binciken injunan ƙananan jiragen masu hali kamar yadda take yi wa na haya, a kuma kai gwajin jirgi bayan gari. Sarakunan Hausawa da limamai su ma su ja kunnen jama'a: in jirgi ya faɗi, a ja da baya, don mansa yana iya tashi ko da yaushe. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye, amin.