Maigadin Asibiti Ma Ma'aikaci Ne

'Yan uwa malamai, idan dare ya raba aka kawo mai naƙuda asibiti, maigadi ne ke fara tarbarta. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke shan zagin dangi idan babu gado ko likita, alhali ba laifinsa ba ne. Duk da haka, da yawansu an miƙa su ga kamfanonin kwangila. Dokar 2024 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Wa ya bincika ko ta isa bakin ƙofar asibiti? Mu da muka san ɗacin jiran albashi bai kamata mu yi shiru ba. Wajibi ne reshenmu ya kai kukansu gaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa.