Kakar Miami Dolphins Ta 1972: Ba Sa'a Ba Ce, Tanadi Ne



Yau zan kai ku Amurka ne, kan wasan nan nasu da suke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake yin mafi yawansa. Na san mu nan ƙwallon Ingila muka sani, kuma har gobe magoya bayan Arsenal na tinƙaho da kakar 2003 zuwa 2004 da suka buga wasa 38 ba a doke su ba, lokacin Kanu na cikinsu. To amma ku tuna wasa 12 daga ciki canjaras suka yi. A Amurka akwai ƙungiyar da ta yi abin da ya fi wannan: Miami Dolphins ta 1972. Wasa 17 suka buga, duka 17 suka ci, har da kofi. Tun daga lokacin babu ƙungiyar da ta sake yin haka a gasar NFL.

Wasu na cewa sa'a ce kawai. Ni ban yarda ba, kuma zan kawo dalilina.

Bari in ɗan yi bayanin wasan ga wanda bai saba ba. Mutum 11 ne a kowane gefe, kuma da yadi ake auna filin, irin yadin da ake auna atamfa. In kun kai ƙwallo ƙarshen gidan abokan karawa kun samu maki 6, in kun buga ta ta ratsa tsakanin sanduna maki 3. Akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya jefa ta ko ya miƙa wa mai gudu. Shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. Galibi in ya ji rauni, kakar ta lalace ke nan.

To abin da ya samu Miami ke nan. A wasa na biyar, da San Diego Chargers, kwatabak ɗinsu Bob Griese ya karye a ƙafa. Wa zai shiga? Earl Morrall, dattijo mai shekara 38, wanda Baltimore Colts suka sallama kafin a fara kakar, Miami ta ɗauke shi da kuɗin ka'ida dala 100 kacal. Kocinsu Don Shula ne ya nace a kawo shi, domin sun yi aiki tare a Baltimore. A 1968 da Johnny Unitas ya ji rauni, Morrall ne ya maye gurbinsa har aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Su biyun kuma tare suka sha kunya a Super Bowl na uku a Janairun 1969, da New York Jets suka doke su 16 da 7. Wani kocin da ya guji mutumin da ya faɗi tare da shi. Shula bai guje shi ba, ya san da tsohuwar zuma ake magani.

Morrall ya ƙarasa wancan wasan, ya ci sauran wasanni tara na kakar, ya kuma ci Cleveland 20 da 14 a zagayen sili ɗaya ƙwale. Ku duba fa, fiye da rabin wannan tarihin, mutumin benci ne ya kafa shi. Shin wannan sa'a ce? Ba a fafe gora ranar tafiya. Shula ya tanadi na biyu tun na farko na da lafiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. A wasan kusa da na ƙarshe a Pittsburgh, wasa ya yi tsauri, sai Shula ya cire Morrall bayan hutun rabin lokaci ya mayar da Griese da ya warke. Suka ci 21 da 17. A wasan kofi ma Griese aka sa. Morrall ya koma benci, ƙungiya ba ta rabu biyu ba. Mu da ke zaman kasuwa mun san yadda yake da wuya yaron da ya riƙe shago maigida na jinya ya miƙa makulli ba tare da ƙunƙuni ba.

Sai masu tsaron baya. Laƙabinsu ma shi ne Marasa Suna, kuma ana danganta shi da kocin Dallas, Tom Landry, wanda ya yabe su amma ya kasa kawo sunayensu. Waɗannan marasa sunan, irin su Nick Buoniconti da Manny Fernandez da Jake Scott, maki 171 kawai aka zura musu a wasa 14, mafi ƙaranci a gasar. 'Yan gaba kuwa suka ci 385, mafi yawa a gasar. Larry Csonka da Mercury Morris kowannensu ya kai yadi 1,000 da gudu, karo na farko da mutum biyu 'yan ƙungiya ɗaya suka yi haka a kaka ɗaya.

Yanzu ga hujjar masu suka, kuma ba zan ɓoye ta ba. Sun ce abokan karawar Miami raunana ne. Gaskiya ne a wasanni 14 na kakar, ƙungiya biyu kawai suka haɗu da su waɗanda nasararsu ta fi faɗuwarsu yawa, Kansas City da New York Giants. Sun kuma ce wasa 14 ake yi a lokacin, ba 17 ba kamar yadda aka koma tun 2021. Duk haka ne. Amma ba Miami ce ta zaɓi abokan karawarta ba, wanda aka kawo mata shi ta kayar. Kuma ba duka ba ne suka zo da sauƙi: da ƙyar suka ci Minnesota 16 da 14, Buffalo kuwa 24 da 23.

In abu ne mai sauƙi, me ya hana wasu? Chicago Bears ta 1985, wadda ake sa wa cikin mafi ƙarfi a tarihi, sau ɗaya aka doke ta, kuma Miami ɗin ce ta doke ta 38 da 24, Shula na koci. New England Patriots ta 2007 ta ci wasa 18 a jere, ta zo wasan kofi a Fabrairun 2008 Giants suka kayar da ita 17 da 14. Ƙarfi kaɗai ba ya isa.

Ko ranar kofin, 14 ga Janairun 1973 a Los Angeles, sai da aka jarraba su. Suna gaban Washington 14 da nema, saura kusan minti biyu, mai bugunsu Garo Yepremian ya zo buga ta maki 3, wadda da ta shiga sakamakon ya zama 17 da nema, daidai da tarihinsu. Aka tare ƙwallon. Maimakon ya kwanta a kanta, sai ya yi ƙoƙarin jefawa, ta kuɓuce, Mike Bass na Washington ya cafe ya zura da gudu. Wasa ya koma 14 da 7. Masu tsaron bayan nan suka sake tsayawa har aka tashi. Jake Scott, ɗaya daga cikin Marasa Suna, shi aka ba gwarzon wasan saboda ƙwallo biyu da ya cafe daga jifan Washington.

Wannan ita ce maganata. Tauraro ya karye, wani ya rufe. Mai bugu ya yi wauta, wasu suka rufe. Shekara ɗaya kafin nan Dallas ta lallasa su 24 da 3 a wasan kofi, ba su watse ba. Shekara ɗaya bayan nan suka sake ɗaukar kofin, suka doke Minnesota 24 da 7. Sa'a ba ta kai mutum wasan kofi sau uku a jere.

Morrall ya rasu a 2014, Shula a 2020. In ana lissafin gwarazan wannan kakar, ni dai da dattijon dala 100 zan fara. Wanda ke da wani ra'ayi, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.