RANGWAMEN HARAJI DA GIDAN TALAKA

Ran 26 ga watan Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji na Nijeriya, aka kuma tsai da ran 1 ga Janairu, 2026, ta zama ranar fara aiki da babbar dokar cikinsu. Tun daga lokacin nan masu magana da bakin Gwamnati ba su huta ba, ba su kuma bar rediyo ya huta ba, suna ta shaida wa jama'a wai an yi wa mai neman gida rangwame. 'Yan'uwa da yawa, galibinsu 'yan kasuwa, sun yi ta zuwa ofishin jam'iyya suna tambayarmu, "Malam, shin rangwamen nan har da mu?" To, mun karanta dokar, ga kuwa abin da muka gani. Ba za mu ɓoye alherin da ke cikinta don muna 'yan hamayya ba, ba kuma za mu kame bakinmu ga abin da ta bari ba.

ABIN DA DOKA TA BAYAR

Na farko, Naira 800,000 ta farko cikin samun mutum na shekara, ba a karɓar ko kwabo a kanta. Abin da ya hau bisa wannan, har zuwa Naira miliyan 3, ana karɓar kashi 15 cikin 100. Daga nan abin ya yi ta hawa, har ya kai kashi 25 a kan abin da ya wuce Naira miliyan 50.

Na biyu, ɗan haya yana da ikon a cire masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya a shekara daga cikin samunsa, kafin a yi masa lissafin haraji, amma kada abin da za a cire ya wuce Naira 500,000. Sai fa ya faɗi gaskiyar abin da yake biya.

Na uku, kuɗin da mutum ya zuba a Asusun Gidaje na Ƙasa ana cire shi daga lissafi. Haka nan kuɗin ruwan da ya biya a kan bashin da ya ci don gina gidan da shi kansa zai zauna.

Na huɗu, harajin nan da ake ɗora wa kaya, wanda ake kira VAT, ba ya hawa kan cinikin fili ko gida.

Waɗannan duka gaskiya ne, kuma duk ɗan jam'iyyar da ya cancanci ɗaya daga cikinsu, muna gargaɗinsa kada ya bar haƙƙinsa. Ya riƙa karɓar rasit na haya, ya adana shi kamar yadda yake adana takardar bashi.

MU YI LISSAFI

Amma fa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu ɗauki wani tela a Fagge wanda ke samun Naira miliyan ɗaya da rabi a shekara, yana biyan haya Naira 300,000. Kashi 20 na hayarsa Naira 60,000 ke nan. Kada wani ya zaci za a ƙirga masa 60,000 ɗin nan a hannu. Cire ta za a yi daga samunsa, sai harajinsa ya sauko daga Naira 105,000 zuwa Naira 96,000. Watau ribarsa Naira 9,000 a shekara guda. Ku je wurin mai siminti ku tambaye shi buhu nawa za ta saya.

Mu ɗauki kuma wani babba wanda samunsa ya zarce Naira miliyan 50 da nisa, yana hayar gidan Naira miliyan biyu da rabi a Abuja. Shi za a cire masa Naira 500,000 cif, kuma da yake a kan kashi 25 yake biya, ribarsa Naira 125,000 ce. Doka ɗaya, kashi 20 ɗaya, amma wannan ya tashi da 9,000, wancan da 125,000. Ita kuwa mai ƙosai, da ɗan dako, da mai turin baro, waɗanda samunsu bai kai 800,000 ba, ba su da abin da za a cire musu daga ciki. Harajin samu ba ya kansu, gaskiya ne, amma kuɗin rumfa da tikitin kasuwa suna nan suna jiransu kowace safiya.

Batun kuɗin ruwa kuwa ya fi wannan ciwo. Rangwamen na wanda banki ya yarda ya ba shi bashi ne. Banki kuwa, in ka shiga, takardar albashi zai tambaye ka, da shahadar mallakar fili mai sa hannun Gwamna. Ɗan kasuwar Kurmi ko na Kwari ina ya ga takardar albashi? Bayan wannan, Musulmi da yawa ba za su kusanci bashi mai ruwa ba ko da an ba su, don gudun riba. Yadda talakan ƙasar nan ke gina gida kowa ya sani. Bana ya ɗauki adashi ya sayi fili, baɗi ya buga bulo ɗari biyar, shekara ta uku ya kai linta, ta huɗu ya rufa ɗaki guda ya tare da iyalinsa, ragowar sai yadda Allah ya yi. Wannan mutum bai ci bashin kowa ba, saboda haka doka ba ta san da shi ba. Amma kowane buhun siminti, da rodi, da bandir na kwano da ya saya, akwai harajin kaya na kashi 7 da rabi a kansa, tun watan Fabrairu na 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5. Ashe mai gini da gumin goshinsa shi ke biya, mai gini da kuɗin banki shi ake yi wa sauƙi.

Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ana zuba kashi 2 da rabi na samun wata, wanda ya yi wata shida yana zubi yana iya neman bashi a kan ruwa kashi 6, ya biya cikin shekaru da ba su wuce 30 ba. A 2022 kuma hukumar fansho ta yarda ma'aikaci ya ɗauki har kashi 25 na ajiyarsa ta fansho ya biya kafin alƙalamin bashin gida. Ma'aikatan da ke cikinmu su bincika waɗannan hanyoyi. Amma duka biyun, da mai albashi aka auna su aka yanka.

Wannan magana ba yau aka fara ta ba. Iyayenmu da suka kafa NEPU a Kano a 1950, su Malam Aminu Kano, sun sha ɗauri da bulala a kan haraji da jangali. Sai a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Shekara ashirin da tara ana faɗa kafin a ci nasara. Saboda haka kada kowa ya ce kukan talaka a kan haraji ɓata baki ne.

KAFIN KA ƘIRGA KUƊINKA

Kafin a gyara doka, mutane ba za su fasa sayen gida ba. Abin da ɗan damfara zai cuce ka a yini ɗaya kuwa ya fi abin da rangwame zai ba ka a shekara hamsin. To, ga gargaɗinmu.

Ku sani, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna ne amana. Abin da kake saya iznin zama ne, galibi na shekara 99 in akwai shahada. Sashe na 22 na dokar ya ce mai irin wannan izni ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna, sashe na 26 kuwa ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba ciniki ba ne. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Wanda ya sayi gida mai shahada bai nemi yardar nan ba, ya bar wa 'ya'yansa rigima.

Kada ka biya ko sisi sai ka je ofishin ƙasa na jiharka, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, an duba maka lambar filin. Can za ka san ko sunan mai sayarwa ne a kai, ko kuwa an jinginar da gidan a banki. Kuɗin dubawa kaɗan ne a kan abin da za ka yi asara.

Ka je ka ga wurin da idonka, in da hali da damina. Filin da ya yi kyau da rani yana iya zama kududdufi a watan Agusta. Ka gai da maƙwabta, ka tambaye su na wane ne, ka je wurin mai unguwa. Amma ka tuna, takardar mai unguwa shaida ce ta cewa an yi ciniki, ba ta tsaya a madadin shahadar Gwamnati ba.

In gidan gado ne, kada ka yarda da bakin babban wa shi kaɗai. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka tabbata kowane magaji, har mata da marayu, an san da shi ya kuma yarda. In ba a raba gidan ba, ɗaya ya sayar maka da rabonsa, sauran suna da haƙƙin shuf'a a shari'a, watau su mayar maka da kuɗinka su karɓi abinsu.

In awon igiya ne, ka ƙara lura. Ka ɗauko safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban shaidu. Ka tambayi hukumar tsara birni ko an shata hanya ta wurin, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuwa a kan gini da shuka ake lissafa ta.

Ka guji filin makaranta, da maƙabarta, da masallacin idi, da bakin ganuwa, ko wa ya sa hannu a takardar. A watan Yuni na 2023 an rushe kantuna da gine-gine a Kano, har da na Filin Idi, alhali masu su sun biya kuɗi suna riƙe da takardun da Gwamnatin da ta gabata ta ba su. Kotu ta ce a biya masu kantunan Filin Idi diyya, amma wanda aka rushe wa kanti ya san abin da ya gani kafin nan.

Ka yanke la'adar dillali tun kafin ciniki, ka tuna kuma shi dillali cinikin ya faɗa shi ne bukatarsa. A rubuta yarjejeniya, lauya ya duba, shaidu su sa hannu, a biya kuɗin kan sarki. Ka biya ta banki don a sami alama, kada ka ɗauki kuɗi a jaka. Ka kuma ware wani abu a gefe domin waɗannan takardu, kada ka zuba dukan jarinka a gini rumfa ta mutu.

ABIN DA MUKE NEMA

Muna kira ga Majalisar Tarayya ta ɗauke harajin kaya daga siminti da rodi da kwano ga mai gina gidansa na fari, ko a mayar masa da abin da ya biya in ya kawo rasit. Muna kira ga Gwamnonin jihohi su rage kuɗin neman yarda da na shahada ga ƙananan gidaje, su kuma yanka wa'adin da takarda ba za ta wuce shi a ofis ba, don kada talaka ya yi ta safa da marwa har sai ya ba da na goro. Unguwannin awon igiya da mutane suka daɗe da zama a cikinsu, a auna su a ba su shahada a kan kuɗi kaɗan. A buɗe hanyar sayen gida marar ruwa sosai, a kuma bayyana wa jama'a a fili cewa mai binta zai sami rangwame daidai da mai bashin ruwa. Tun 2012 da Bankin Jaiz ya fara aiki aka san banki marar ruwa yana yiwuwa a ƙasar nan. A karɓi littafin ƙungiyar 'yan kasuwa da na adashi a matsayin shaidar samu. A kuma fassara dokar nan da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a kasuwanni, gama ba daidai ba ne a karɓi kuɗin mutum da dokar da bai taɓa jin ta da harshensa ba.

Muna umurtar sakatarorin rassanmu su karanta wannan shafi a taron mako, don waɗanda ba su yi karatu ba su ji. Duk ɗan jam'iyyar da ke shirin sayen fili ko gida, ya kawo takardunsa ofis a duba masa kyauta kafin ya biya. Wanda kuma zai zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi inda ya tsaya a kan bukatun nan, ku sa ya faɗa a gaban jama'a.

Allah ya rufa wa talaka asiri, ya ba kowa inda zai sa haƙarƙarinsa. Amin.