Kofa ya yi wata takwas a Rano, ba wanda ya aika masa da tuwo

A hutun da ya wuce na koma gida Rano, na haɗu da wani kofa ɗan jihar Anambra da ke koya wa ƙannenmu lissafi a wata sakandare. Watansa takwas a garin. Na ce me kake ci? Ya ce indomi da ƙwai, wata rana shinkafa da wake a bakin tasha. Tuwo fa? Wai sau ɗaya ya ga miyar kuka, launinta ya ba shi tsoro. Na yi dariya, amma wallahi daga baya kunya ce ta kama ni. Wata takwas, ko gida ɗaya bai tura yaro da kwano ba.

Mun saba ɗora musu laifi, wai suna da girman kai, ba sa gaisuwa, suna shigar da ba ta dace ba. To wa ya koya musu? Mako uku kacal suke yi a sansanin Kusalla da ke Karaye, rabinsa fareti ne. Daga nan a miƙa wa mutum takarda a ce tafi Rano ko Kibiya. Bai san ana cire takalmi a zaure ba, bai san namiji ba ya faɗawa gidan matan aure ba, sai ya yi kuskure mu hau tsegumi.

Gowon ya kafa wannan shiri a 1973, bayan yaƙin basasa, don mu san juna. Amma bawan Allahn nan bai taɓa jin cewa Rano na cikin Hausa Bakwai ba, balle ya san ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Ni ma, in faɗi gaskiya, a bakin kakata na ji, ba a aji ba.

Ina ganin aikin namu ne, mu samari, ba na gwamnati ba. Badi war haka ni ma wataƙila ina Ebonyi ina zare ido a gaban kwanon akpu, ina jiran wanda zai ce min bisimilla.

Ranar Juma'a dai na ja shi gidanmu. Inna ta tuƙa tuwon dawa, miyar kuka ta sha daddawa da man shanu. Ya wanke hannu, ya yi loma uku shiru, sannan ya ɗago ya ce ko akwai yaji.